Fulu da allurar rigakafinta: me suke yi wa garkuwar jikin yaro? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye ke ta maimaitawa duk sanda aka kawo zancen allurar fulu, musamman masu ƙananan yara. Wasu amsar su layi biyu ce ta wadatar, wasu kuma dole sai an ɗan zauna a kansu, don haka ku yi haƙuri in wani wurin ya yi tsawo.

Wai fulu ɗin nan ba mura ba ce kawai?

A bakinmu duka mura muke cewa, kuma nan ne ruɗanin yake farawa. Murar da yaro ke yi yana majina yana atishawa amma yana ta guje-gujensa, ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke kawo ta, sun fi ɗari ma. Ita fulu, wato infuluwenza, bairos ɗinta, wato ƙwayar cutar da ke kawo ta, daban ne, kuma zuwanta ma daban ne. Yaro da safe lafiyarsa ƙalau, kafin yamma jiki ya yi zafi rau, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari, ya kwanta ko abin wasansa ba ya son gani. Ƙananan yara har amai da gudawa sukan yi. Daga shigar bairos ɗin zuwa bayyanar ciwo kwana 1 zuwa 4 ne, galibi kwana 2.

Nau'i biyu ne ke damun mutane duk shekara, A da B. A cikin A akwai H1N1 da H3N2. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta kusan mutum biliyan 1 ne ke kamuwa a shekara, miliyan 3 zuwa 5 ta yi musu tsanani, tsakanin 290,000 zuwa 650,000 kuma su rasu ta hanyar matsalar numfashi. Toh kun ga ba abin a ce "ai mura ce" ba ne.

Garkuwar jikin jariri a rufe take ne ko me? Me ya sa yara suka fi jin jiki?

Ba a rufe take ba, tana aiki tun ranar haihuwa, abin da ba ta da shi shi ne sanayya. Garkuwar jiki kashi biyu ce. Akwai wadda aka haifi mutum da ita, fata, majina, ƙananan gasun da ke cikin hanyar numfashi suna share datti waje, da wasu ƙwayoyin jini da ke afka wa duk baƙon da suka gani ba tare da sun tambayi sunansa ba. Sai kuma wadda ake koyo, ita ce mai ajiye tarihi. A cikinta akwai ƙwayoyin B masu ƙera antibodi, wato sinadaran da ke maƙale wa ƙwayar cuta su hana ta aiki, da ƙwayoyin T masu neman duk inda bairos ya ɓuya a cikin jiki su tarwatsa wurin. Su ƙwayoyin T ɗin ma makarantarsu wata 'yar tsoka ce a bayan ƙashin ƙirji, taimus ake ce mata, a jikin yaro take da ƙarfin aiki, in mutum ya balaga sai ta fara motsewa.

Babba in fulu ta shige shi jikinsa na da tsohon fayil, ya taɓa ganin mai kama da ita sau da yawa, sai ya tashi da wuri. Jikin yaro ɗan wata 8 kuwa fayil ɗin babu komai a ciki, sai ya fara daga farko, kuma kafin ya gama ƙera antibodi ɗin da ya dace ana ɗaukar mako 1 zuwa 2, duk tsawon wannan lokacin bairos na ta hayayyafa. Ga kuma hanyoyin numfashinsa ƙanana ne, ɗan kumburin da babba ba zai ma ji ba shi sai ya toshe masa iska. Shi ya sa 'yan ƙasa da shekara 5, musamman 'yan ƙasa da 2, suke cikin waɗanda aka fi kwantarwa a asibiti. Kuma yara sun fi manya daɗewa suna yaɗa bairos ɗin, wani ya wuce mako guda yana fitar da shi.

Na ji ana cewa fulu ɗin farko da yaro ya yi yana binsa har tsufa, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma a wurina wannan shi ne abu mafi ban mamaki a duk maganar. Ana cewa karatun yaro rubutu ne a kan dutse, toh garkuwar jiki ma haka take da fulu.

A jikin bairos ɗin akwai wasu ƙayoyi iri biyu, su ne H da N da kuke gani a sunaye irin H1N1. H ɗin da shi yake maƙalewa a maƙogwaro da huhu, kuma shi ne fuskar da garkuwar jiki ke ganewa. Karon farko da yaro ya haɗu da fulu jikinsa na haddace wannan fuskar sosai da sosai. Bayan shekaru in wata fulu ta zo wadda ta ɗan sauya kama, maimakon jiki ya zauna ya zana sabon hoto daga farko, sai ya fi karkata ga ɗauko tsohon hoton nan na yarinta ya yi aiki da shi. Wani likita ɗan Amurka, Thomas Francis, shi ya yi rubutu a kan wannan a 1960, ya lura antibodin da ya fi yawa a jinin mutane shi ne na irin fulu ɗin da ke yawo lokacin suna yara, ya raɗa wa abin suna mai ma'anar "zunubin asali". Sunan ya ɗan yi nauyi, don ba kullum ne abin ke zama illa ba, yanzu an fi kwatanta shi da tambari ko hatimi da aka buga tun farko.

Ga inda ya nuna kansa ƙarara. A 1918 H1N1 ce ta yi annoba a duniya ta ci gaba da yawo, a 1957 H2N2 ta karɓe ta, a 1968 H3N2 ta zo, a 1977 kuma H1N1 ta dawo, ita da H3N2 suka ci gaba da yawo tare. Da annobar 2009 ta ɓarke, ita ma H1N1 ce, sai aka ga abin da ba a saba gani ba, yara da matasa ne suka fi kamuwa, tsofaffin da aka haifa kafin wajen 1950 da yawansu na da ragowar kariya a jini, daga fulu ɗin da suka yi tun suna goye.

A 2016 kuma Katelyn Gostic da abokan aikinta suka fitar da wani bincike a mujallar Science kan murar tsuntsaye iri biyu, H5N1 da H7N9. An daɗe ana mamakin me ya sa ɗaya ta fi kama matasa ɗaya kuma tsofaffi. Ashe shekarar haihuwa ce. H1, H2 da H5 'yan gida ɗaya ne, H3 da H7 su ma gidansu ɗaya. Wanda aka haifa kafin 1968 ya fara da H1 ko H2, sai ya samu kariya daga H5N1, wanda ya fara da H3 kuma ya samu kariya daga H7N9. Sun ƙiyasta kariyar ta kai kashi 75 cikin 100 daga ciwo mai tsanani, kashi 80 daga mutuwa. Ku duba fa, zazzaɓin da mutum ya yi yana ɗan shekara 2, wanda ko mahaifiyarsa ta manta da shi, shi ne ke tsaya masa bayan shekara 50.

Toh in haka ne ba gara a bar yaro ya kamu ba, jikinsa ya koya da kansa?

Wannan tambayar tana da hujja, ba zan raina ta ba. Kamuwa da ainihin bairos tana koyar da jiki abubuwa da yawa, antibodi a jini, antibodi a cikin hanci, da ƙwayoyin T masu gane kayan cikin bairos ɗin waɗanda ba sa saurin sauyawa. Allurar da ake yi a dantse ko cinya ta fi ƙarfi ne a wajen antibodin jini. Har wani ɗan ƙaramin bincike da aka yi a Holan a 2011 ya ga yaran da ba a yi wa allura ba irin waɗannan ƙwayoyin T ɗin na ƙaruwa a jikinsu yayin da suke girma, abin da ba a gani ba a yaran da ake yi wa duk shekara, duk da dai su waɗanda ake yi wa ɗin yara ne masu wani ciwon huhu na gado, don haka kwatancen bai zauna daidai ba.

Amma ku dubi kuɗin makarantar. Yaron da ya koya ta hanyar ciwo zai iya biya da nimoniya, da ciwon kunne, da jijjiga saboda zafin jiki, wani lokacin ma kumburin ƙwaƙwalwa ko na tsokar zuciya. A Amurka inda ake ƙirga yaran da fulu ta kashe ɗaya bayan ɗaya, kusan rabinsu lafiyayyu ne babu wani ciwo a jikinsu kafin nan, kuma wajen kashi 80 cikin 100 ba a yi musu cikakken rigakafi ba. Babu uwar da za ta iya duban ɗanta ta san a wane sahu zai faɗa.

Sannan wani abu da mutane ke mantawa, allura ba ta hana yaro haɗuwa da fulu har abada. Zai haɗu da ita, a makaranta, a mota, a wajen 'yan uwa, babu makawa. Abin da ke hannunku shi ne ko ranar haɗuwar ta same shi da shiri ko ta same shi hannu rabbana.

Allura duk shekara ba za ta raunana garkuwar jikinsa ba? Ba ta yi yawa ba?

A'a, ba ta raunana ta. Garkuwar jiki ba batir ba ce da za a ce caji na ƙarewa. Yaron da ke rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki, a wuni ɗaya jikinsa na haɗuwa da baƙin abubuwa da suka ninka na cikin allurar nesa ba kusa ba.

Abin da yake gaskiya shi ne wasu bincike sun ga a wasu shekarun, musamman kan H3N2, wanda ya yi allura bara da bana kariyarsa kan ɗan yi ƙasa da ta wanda ya yi bana kaɗai, kuma ana danganta hakan da wancan halin na jiki na komawa ga tsohon hoto. Amma ko a hakan ya fi wanda bai yi ba sam. In kuna neman abin da ke goge garkuwar yaro da gaske, ƙyanda ce, an nuna a 2019 tana iya share kashi 11 zuwa 73 na ire-iren antibodin da yaro ya tara. Ita fulu ba ta yin irin wannan gogewar, nata ɓarnar daban ce, tana ɗaye shimfiɗar hanyar numfashi ta kashe gasun nan masu shara, ta bar ƙofa a buɗe bakteriya su shigo. Shi ya sa za ku ga yaro ya fara samun sauƙi, har ya ci abinci, bayan kwana 2 ko 3 zazzaɓi ya dawo ya fi na da. Wannan dawowar kada a yi wasa da ita.

Me ya sa sai an maimaita duk shekara, alhali ta ƙyanda sau 2 an gama?

Bairos ɗin ƙyanda fuskarsa ba ta sauyawa ta yadda zai ɓace wa jiki. Na fulu kuwa duk sanda yake kwafar kansa sai ya yi kurakurai, a hankali ƙayar H ɗin nan ta sauya har antibodin bara ya kasa riƙe ta da kyau, ga shi kuma kariyar allurar kanta tana raguwa cikin watanni. Tun 1952 WHO ke da cibiyoyi a ƙasashe da yawa suna bibiyar wane iri ne ke yawo, a watan Fabrairu su faɗi abin da za a sa a allurar arewacin duniya, a Satumba na kudanci. Hasashe ne, wata shekarar a dace wata a ɗan kauce. In an dace tana rage haɗarin ciwon da zai kai mutum wajen likita da kamar kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Ba cikakkiya ba ce, kuma duk wanda ya ce muku ɗari bisa ɗari ce bai faɗa muku daidai ba. Inda ta fi nuna amfaninta shi ne wajen hana abin ya kai ga mutuwa, wani bincike da aka buga a mujallar Pediatrics a 2017 ya ga ta rage haɗarin mutuwa da kashi 65 a lafiyayyun yara, kashi 51 a masu wani ciwo.

Daga wata nawa ake fara yi? Kuma me ya sa aka ce mu dawo a yi ta biyu?

Daga wata 6. Yaron da ke ƙasa da shekara 9 kuma wannan ne karonsa na farko, sau 2 ake yi masa, tsakani aƙalla mako 4. Ta farko gabatarwa ce, jiki ya ga fuskar, ta biyu ce ke sa ya ƙera antibodi mai yawa mai kama bairos da kyau. Iyaye da yawa na yin ta farko su manta da ta biyu, don Allah a rubuta ranar a waya. Daga nan sau 1 a shekara ya isa. Kariya na kankama ne bayan kamar mako 2, ba a fafe gora ranar tafiya, a yi tun kafin lokacin fulu ya shigo.

Jaririna bai kai wata 6 ba, me zan yi masa?

A nan ke ce allurarsa. A watannin ƙarshe na ciki antibodin uwa na ratsa mabiyiya ya shiga jinin jariri, sai ya fito duniya da aron garkuwa da za ta riƙe shi 'yan watanni. In mai ciki ta yi allurar fulu, abin da za ta ba shi ya fi yawa. An gwada wannan a Bangaladesh, sakamakon ya fito a 2008, jariran matan da aka yi wa allurar fulu sun samu raguwar kamuwa da kashi 63 cikin 100 a watanni 6 na farko. An sake gwaje-gwaje a Afirka ta Kudu, Mali da Nepal, duk sun nuna jariri na amfana. Ita ma uwar tana buƙata don kanta, fulu na yi wa mai ciki tsanani.

Bayan haihuwa kuma sai nono, tun daga dakashi, yana ɗauke da wani irin antibodi da ke shafe maƙogwaro da hanjin jariri. Ko kina fama da fulu kada ki daina shayarwa, ki wanke hannu, ki rufe hanci da baki ki ba shi. Yayyensa 'yan makaranta kuma su ne suka fi kwaso ta su kawo gida, in an yi musu allura an rage masa hanya. A Japan an yi shekaru ana yi wa 'yan makaranta allurar, daga 1962 har ya zama dole a 1977, da aka sassauta a 1987 aka kuma daina tilastawa a 1994, sai mace-macen tsofaffi a lokacin sanyi suka ƙaru.

Wadda ake fesawa a hanci fa?

Ita bairos ne mai rai amma an raunana shi, an saba masa da sanyi ta yadda a hanci kawai yake iya ɗan hayayyafa, ba ya jure ɗumin huhu. Don ta bi hanyar da ainihin ciwon ke bi, tana tada antibodin cikin hanci da ƙwayoyin T, kuma a jikin yara ta fi kamawa fiye da manya, tunda su babu tsohuwar garkuwa mai yawa da za ta kashe ta tun kafin ta koyar da komai. Birtaniya ta fara ba yara ita a 2013. Daga shekara 2 ake bayarwa, ba a ba yaro mai asma mai tsanani ko wanda ke shaƙar numfashi a lokacin, ko mai raunin garkuwa sosai, ko mai shan asfirin kullum. Ba ko'ina ake samun ta ba, wadda kuka samu ku karɓa.

An yi masa allura sai ga zazzaɓi, ba ita ta sa masa fulu ba?

Ta dantse babu bairos mai rai a cikinta, ba ta iya sa fulu. Ɗan zafin jiki, kumburi a wurin, rigima na kwana 1 ko 2, wannan garkuwar ce ke aiki. Wani ma kaluluwa kan ɗan fito masa ta baje. Wani yaron kuma dama ya riga ya kwaso wata murar daban sai ta zo daidai da ranar.

Ba zan ce ba a taɓa samun matsala ba. A 2010 an dakatar da wata allura ga ƙananan yara a Ostireliya saboda ta jawo jijjigar zazzaɓi fiye da kima, kuma wata da aka yi amfani da ita lokacin annobar 2009 an danganta ta da ciwon yawan barci a yara a Finlan da Suwidin. Sa ido ne ya gano su, kuma aka daina ba yara su. Rashin jituwa mai tsanani nan take kuwa kamar 1 ne cikin miliyan, shi ya sa ake cewa ku ɗan zauna kafin ku tafi.

Ai an yi masa fenta, na ga an rubuta infuluwenza a ciki?

Sunan ne ya ruɗe ku. Fenta allurar jarirai ce mai kare cututtuka biyar a haɗe, infuluwenzar da kuka gani a ciki kuma ita ce Hib, wata bakteriya mai kawo sanƙarau da nimoniya, da can an zaci ita ke kawo fulu shi ya sa sunan ya maƙale mata, sai a 1933 aka gano ainihin bairos ɗin a Landan. Fenta ba ta kare yaro daga fulu.

Ya riga ya kamu, yaushe zan ɗauke shi zuwa asibiti?

Ku ɗaga rigarsa ku kalli ƙirjin lokacin da yake kwance shiru ba yana kuka ba. Ku ƙirga numfashinsa na minti 1 cif da agogon waya. Ɗan ƙasa da wata 2 in ya kai 60, ɗan wata 2 zuwa shekara 1 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, numfashin ya yi sauri. In kuka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, ƙofofin hanci na buɗewa, yana gurnani, leɓe ya sauya launi, ya ƙi kama nono, fitsari ya ɗauke, ya yi jijjiga ko yana wuyar tashi daga barci, kada a jira gari ya waye. Jariri ɗan ƙasa da wata 3 kuwa zazzaɓi kaɗai ya isa dalili. Mai sikila, asma, ciwon zuciya, ƙanjamau ko tamowa, a kai shi da wuri ko da abin bai yi tsanani ba, don akwai maganin bairos ɗin, oseltamibir, wanda aka fi sani da Tamiflu, kuma ya fi aiki in an fara cikin awa 48. Inda ake fama da maleriya kuma a yi gwaji, kada a yi ta zato.

A gida a ba shi ruwa da nono akai-akai, farasitamol daidai nauyinsa. Asfirin kuma haramiyarsa ne, yaro mai fulu in ya sha yana iya samun ciwon Reye mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Antibayotik ba ya kashe bairos, sai in likita ya ga bakteriya sun biyo baya.

Ya yi fulu bana ya warke, sai an yi masa allurar kuma?

Eh, a yi masa. Iri ɗaya ya yi, alhali H1N1, H3N2 da B duk suna iya yawo a lokaci guda, kuma allurar ta ƙunshi ukun. Yaro na iya tashi daga A bayan wata guda B ta kwantar da shi. In ma ba a yi gwaji ba wataƙila abin da ya yi ɗin ba fulu ba ce. Ku bari zazzaɓin ya sauka ya dawo cin abincinsa sannan ku kai shi, 'yar majina kaɗai ba ta hana allurar dantse.